Takarkarin Hure da Bindigar Sallau

A shekarar da Idi maharbi ya rasu, birai ne suka fara gane babu shi.

Garin Gawo ƙauye ne a gindin dutse, kudu da Kiyeshe, zamanin da kumandan Nasara ke zaune a barikin Dogon Dutsi. Shekara ashirin Idi na riƙe da sarautar Sarkin Baka, yana tsare gonakin gari da baka da kibiya. Ba mai yawan magana ba ne. In ya bi gefen gona da safe, ko raɓa ba ta cika kaɗuwa ba. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi da bazara, aka rufe shi ƙarƙashin gawon da yake jingine bakansa, itacen nan da ke zubar da ganye lokacin da kowa ke tsiro.

Ya bar matarsa Hure da 'ya'ya mata biyu ƙanana, da takarkari guda, jan sa mai farin tabo a goshi, ana ce masa Ɗan Goshi. Shi ke ɗauko musu ruwa, shi ke kwaso dammunan gero da kaka, shi ke zuwa Foga ɗauko gishiri da rani. Da yamma in Hure ta ji ƙararrawar wuyansa na tahowa, sai ta ɗan tsaya da daka, don da can sallamar Idi ce ke biyo bayan wannan ƙara.

Idi ya kuma bar ƙane, Sallau. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma Allah ya raba musu gado tun a ciki: ya ba Idi hannu, ya ba Sallau baki. Sallau bai taɓa kashe abin da ya fi ƙadangare ba, shi ma ƙadangaren zama ya yi a kansa. Sai dai ya taɓa yi wa wani Nasara dako kwana tara, daga Doso zuwa Gaya, kuma tun daga ran nan babu wani abu na duniya da bai sani ba.

Da gero ya fitar da kai ya fara nuna, jajayen birai suka sauko daga dutse garke-garke. Da can ɗaya ke zama kan reshe yana yi musu gadi. Bana har mai gadin ya sauko, ya ci, ya ƙoshi, ya miƙe ƙafa a inuwar kara. Mai gari ya tara magidanta a dandali, ya ce duk wanda ya kore su, sarautar Sarkin Baka tasa ce, da damin gero guda daga kowace gona.

Kafin ya rufe baki Sallau ya miƙe.

"Ranka shi daɗe, a bar nema. Jinin nan guda ne. Rabin abin da marigayi ya sani, ni na koya mishi."

"Wane rabin?" in ji Habu maƙeri. "Rabin da ake zama inuwa ana jiran nama?"

Aka tuntsire da dariya. Mai gari ya aika gidan Hure aka ɗauko bakan Idi. Sallau ya karɓa, ya tofa yawu a hannu, ya ja tsirkiya har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Bakan ya ƙi tanƙwaruwa. Ya sake ja, tsirkiya ta kuɓuce ta zabga masa a kunne, tas!

"Ta sha sanyin damina," ya ce yana murza kunne. "Kuma zamanin itace ya wuce. Ni da na kwana tara kaina na kan akwatin bindigar Nasara, ni zan tsaya wasa da tsinke? Ku ba ni kwana bakwai."

Ran kasuwar Dogon Dutsi, da sassafe, Hure ta tafi gona da 'ya'yanta kaɗa wa birai ƙwarya. Sallau ya shiga gidanta, ya kwance Ɗan Goshi daga turke. Ƙararrawar wuyan ya cire ya rataye a danga, don kada ta tona shi.

A kasuwa, bayan rumfunan masu gyaɗa, ya sami wanda aka kwatanta masa: Ɗanjuma, mai siririn gashin baki da tsohuwar hular Nasara, wanda ya yi shekara bakwai yana kuku a gidan wani Nasara mai sayen gyaɗa. Da maigidan zai koma ƙasarsu ya bar masa tarkace. Ɗanjuma ya dubi Sallau, ya dubi takarkari, ya fi daɗewa kan takarkari, sannan ya jawo wani abu daga ƙarƙashin tabarma.

Bindiga ce mai baki biyu, gefe da gefe kamar hancin jaki. Kunnuwa biyu a tsaye kamar na zomo, kunama biyu a ƙasa. Ƙotar ta yi baƙi don tsufa. Wurin da ƙarfe ya haɗu da itace kuwa an naɗe shi da jar fata, an ɗinke.

Bindigar ta shiga ran Sallau, amma ya taɓe baki, don mutane sun fara taruwa.

"Ni ba na cinikin biri a sama. Miƙo ta nan in duba."

Ya shinshina ta. Ya lasa ƙarfen, ya ɗaga kai sama yana tauna ɗanɗanon, ya ce lallai na ƙetaren teku ne, akwai gishiri. Ya auna ta da taƙi, ya auna ta da kamu. Ya ɗora ta kan yatsa ɗaya don ya ga daidaitonta, ta faɗo masa a kan babban yatsan ƙafa. Ya haɗiye ihun, ya ce nauyinta ya cika. Daga nan ya kafa baki a bututun hagu ya hura da ƙarfi. Ƙura ta dawo masa a ido, dunƙulen laka ya faɗo, zanzaro ya fito a fusace ya zagaye kansa sau biyu ya tafi.

"Alhamdu lillahi," in ji Sallau yana hawaye. "Zanzaro ba shi gini sai gidan albarka."

Cikin masu kallo akwai Sha'ibu, dattijon garinsu, tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Jamus da yatsu takwas. Taba ya zo saye.

"Sallau, takarkarin marayu ne wancan?"

"Aro ne, Baba Soja."

"To in ka ƙi barin aron, bari in hwaɗa maka yadda ake duba irin wagga. Abu ukku ne. Na ɗaya, a kwance hwatar nan, a buɗe ta daga gindi, ka ɗaga ta ka leƙa rana ta ciki. In ciki na walƙiya awa ruwan rijiya, to. Na biyu, ka rataye bakunan da zare ka ƙwanƙwasa. Lahiyayya kuka takan yi awa ƙararrawa. Na ukku, ka kama ƙota ka girgiza. In ka ji tana motsi awa haƙorin tsohuwa, aje ta ka kama hanyar gida."

Sallau ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa.

"A buɗe ta daga gindi! Kun ji? Bindiga ta baki take ci, awa kowane ɗan halas. A zuba albarushi, a cusa tsumma, a danna da sanda. Ta kakanmu haka, ta mutanen Kabi haka. Wadda ake ciyarwa ta gindi sai a wurin wanda igwar Jamus ta kaɗa ma ƙwaƙwalwa!"

"Kai kwana tara ka yi kusa da akwati," in ji Sha'ibu. "Ni shekara huɗu na yi tana kwana a ƙirjina."

"Shi ya sa ta cinye maka yatsu biyu. Da ka iya ta, da suna nan."

Ɗanjuma, wanda gumi ya fara tsattsafo wa tun da aka ambaci kwance fata, ya yi maza ya dafa kafaɗar Sallau.

"Wallahi yau na ga masani. Hwatar nan kuwa ba a kwance ta, maigida, ado ne na manya. Ni da ma mai ita nike jira, ba mai surutu ba."

An ce wa Sallau maigida a tsakiyar kasuwar Dogon Dutsi. Daga nan ciniki ya ƙare. Ya miƙa igiyar Ɗan Goshi. Aka ba shi bindiga, da harsashi uku masu jan jiki da gindin tagulla, da wata takarda mai rubutun Nasara, wai ita ce izinin kumandan. Kafin la'asar Ɗanjuma ya sayar da takarkarin ga masu kora shanu ƙetaren iyaka, ƙasar da Ingilishi ke mulki. Da garken ya kama hanyar kudu, Ɗan Goshi ya tsaya ya juyo, ya ɗaga hanci wajen Garin Gawo, ya yi kuka sau ɗaya. Aka zabga masa sanda ya bi sahu. Sallau bai gani ba, yana gwada yadda saɓa bindiga zai fi yi masa kyau, hagu ko dama.

Da ya koma gida ya iske Hure zaune bakin turke, ƙararrawa a cinyarta.

"Ina Ɗan Goshi?"

"Ya ci gaba, Yaya. Ya zama ƙarhe." Ya buga ƙotar a ƙasa. "Kwana ukku in zama Sarkin Baka. Dami daga kowace gona! In sai miki biyu, ja da hwari, ki rasa turken ɗaure su."

"A kahwaɗa yayanka ya ɗauko shi daga Dumega, yana ɗan maraƙi, uwarshi ta mutu. Da tsumma munka shayar da shi."

"To ai shi ya sa ya yi tsada."

Hure ba ta yi kuka ba. Kukanta ya ƙare tun bazara. Ta dube shi tun daga kai har ƙafa, irin duban da ake yi wa dabba a kasuwa, ta ce, "Na ji. Ni dai gerona ba shi kwana a gona bana. Wani zai ɗauko shi."

Washegari gari ya taru a dandali kallon bindiga. Sallau ya hana kowa taɓawa. Ya nuna yadda zai yi da birai: ya durƙusa, ya rarrafa, ya zabura ya ɗora ta a kafaɗa, ya damƙe wuyanta da ƙarfi. Tsohon ɗinkin fatar ya ɓalle, babban yatsansa ya ture wani ɗan ƙarfe da ke ɓoye a ƙarƙashi, sai bindiga ta naɗe biyu kamar raƙumi zai durƙusa. Bakunan suka sunkuya ƙasa. Mataccen kyankyaso ya faɗo daga gindin.

"Ta karye!" in ji mata daga bayan danga. "Sa guda ya karye!"

"Ba ta karye ba," in ji Sha'ibu. "Haka ake buɗe ta. Ga ramukan da ake sa harsashi nan." Ya karɓe ta daga hannun Sallau, wanda ya sandare, ya ɗaga ta ya leƙa rana. "Ciki awa bangon da gara ta ci." Ya ƙwanƙwasa ƙarfen da zobe, ta ce ƙwaf, kamar fasasshiyar ƙwarya. Ya rufe ta ya girgiza, ta yi ta kaf-kaf-kaf. "Ukku cikin ukku. Wagga ta mutu tun kana goye. Rataye ta a ɗaki, Sallau, ka tahi ka ba Hure haƙuri."

Nan ne mai hankali zai sunkuyar da kai. Amma rabin mutanen da ke wurin sun ji shi a kasuwa yana rantsuwa babu bindigar da ke buɗewa ta gindi. Ya fizge abarsa.

"Karyewa ta yi! Ƙarhin hannuna ne, na mance ba ƙarhen gida na riƙa ba. Ƙarhen Nasara bai saba da maza ba. Baba Soja so yake a ce ya sani. Maƙeri, tashi mu je!"

A maƙera Habu ya daɗe yana juya bakunan nan biyu. Ya dube su, ya dubi bakin zuga-zuginsa na yumɓu da ya tsattsage ya ishe shi da gyara, ya sake duban su.

"Sallau, ba ni bututun nan in ba ka kalme biyu na noma da gatari. Wallahi nan ne kaɗai za ka ci riba."

"Ka ga mai hassada. Ɗaure mini karayar nan da ƙarhe, ka buga ƙusa. Sannan ka huda ƙananan ƙohohi biyu nan baya inda zan sa wuta, tunda Nasara ya mance bai yi ba."

"Kunnuwan nan biyu hwa, aikin mi suke?"

"Ado."

"To. Aikina in yi. Amma ku shaida, jama'a, ran harbi ni ina bayan kuka."

Habu ya naɗe gindin da bakin tsohuwar hauya, ya buga ƙusa uku, ya huda ƙofofi biyu. Bindigar da aka ƙera a ƙetaren teku ta koma harba-ka-ruga, sai dai mai baki biyu.

Harsasan nan uku kuwa, Sallau ya ce tulunan albarushi ne. Ya yanke su da wuƙa ya zazzage a tafin hannu, ya yi tsaki.

"Dubi rowar Nasara. Wanga ko tsuntsu ba shi razanawa."

Ya taka har Kiyeshe ya samo albarushin gida cike da ƙaho. Gindin tagullar uku ya ɗinka su a goshin hularsa. Takardar izini ya kai wa baduku zai ɗinke masa ita cikin laya, Sha'ibu na zaune a wurin ya leƙa.

"Sallau, ka taɓa ganin takardar kumandan da hoton kihi?"

"Hatiminsa ke nan."

"Daga jikin gwangwanin kihi anka ɓamɓaro ta. Mun ci irinsa har mun gaji."

"Kai komi ka ci, komi ka gani. Ɗinka, baduku."

Ran bakwai, da hantsi, Garin Gawo kaf ya fita. Har daga Kiyeshe an zo. Sallau ya ɗaura warkin Idi, wanda ya yi masa yawa sai da ya riƙe shi da igiya. Ya ɗauko makaɗi, ya kuma ba shi kirarin da ya tsara da kansa: Sallau na Idi, baki biyu maganin mai baki ɗaya, dutse ka ji tsoro! Gonar Hure ya zaɓa, wai don ta gani da idonta abin da takarkarinta ya zama.

Ɗurin ma a gaban jama'a ya yi shi. Tafin albarushi a dama, tafi a hagu. Ya dubi yawan mutane, ya ƙara rabi-rabi. Ya bi da tsakuwa, da gutsattsarin tsohuwar tukunyar ƙarfe, da tsumma, ya danna da sanda yana nishi kamar mai kirɓa sakwara.

"Ya isa haka!" in ji Sha'ibu. "Rijiya za ka hwasa?"

"Matsa baya, Baba Soja, kada sauran takwas ɗin su bi 'yan'uwansu."

Birai na cikin gona suna cin tumu. Babbansu wani tsoho ne mai guntuwar wutsiya, wanda kibiyar Idi ta taɓa gutsure wa rabi. Shekaru da dama ko inuwar mutum ya gani sai ya hau dutse. Yau ya dubi warkin, ya tsaya da tauna. Ya dubi wanda ke cikin warkin, ya ci gaba.

Sallau ya nemi wanda zai sa masa wuta, shi ya riƙe saiti. Kowa ya tuna da wani uzuri. Habu tuni yana bayan kuka, hularsa kaɗai ake gani. Dole Sallau ya maƙale ƙota a hammata, ya riƙe igiya mai ci da wuta a ɗaya hannun. Makaɗi ya tsananta. Sallau ya rufe ido gam, ya dangwala wuta.

Fsss. Ɗan hayaƙi ya tashi siriri. Shiru.

Tsohon biri ya karyo wani tumu.

"Tana tunani ne," in ji Sallau. "Irin wagga ba ta gaggawa. Bari in yi muku bayani." Ya juyo wajen jama'a, bindiga ta juyo tare da shi.

Ba a taɓa ganin gari guda ya kwanta lokaci ɗaya haka ba. Mai gari ya nutse cikin wake, rawani a gefe. Makaɗi ya sa kai cikin ramin gafiya. Tsofaffin da ke zuwa masallaci da sanda suka tsallake danga.

"Juya ta, ɗan banza!" in ji Sha'ibu daga ƙasa. "Juya ta wajen dutse, ka aje, ka ruga!"

Sallau ya juya ta, amma bai ajiye ba. Ajiyewa ai shawarar Sha'ibu ce. Ya sunkuyo da fuska daidai ƙofofin da Habu ya huda, ya ce, "Iska take so." Ya hura.

An ce har a barikin Dogon Dutsi sai da karnuka suka yi haushi. Baki biyu suka tashi tare. Ƙusoshin Habu da bakin hauya suka bi iska. Bututun biyu suka rabu da ƙota, suka yi gaba suna juyi a sama kamar sandar makiyayi, suka faɗa cikin gero. Sallau ya yi baya da ƙota a hannu, ya sauka zaune cikin ƙarangiya. Igiyar warki ta tsinke, warki ya tsaya inda mai shi ya baro shi.

Da hayaƙi ya washe, mata suka juya baya suna salati suna dariya. Sallau na zaune baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, babu gira, babu rabin gemu, fatar goshi ta saluɓe faɗin tafin yaro. Aka duba abin da harbin ya kashe. Gora guda ce, tasa, ta ruwan sha.

Birai sun ruga har bakin gona. Suka tsaya, suka jira, suka dawo. Tsohon mai guntuwar wutsiya ya tsinci hular nan mai tagulla uku, ya shinshina, ya lasa, ya hau dutse da ita.

"Shi ma masani ne," in ji Habu, yana fitowa daga bayan kuka.

"Mi kunka ce?" Sallau ya yi ihu, don kunnuwansa sun toshe. "Nawa sunka mutu?"

A ƙarƙashin gawon nan aka yi shari'ar, kusa da kabarin Idi, don nan ne inuwa mafi kusa, ko da yake ba ganye. Aka rufa wa Sallau zanen wata tsohuwa. Mai gari na cire ganyen wake daga gemu, ransa a ɓace.

"Ƙarar nan ta kai bariki. Gobe ko jibi gardi, dogaran kumandan, na nan tahe. In sunka iske bindiga a garin ga, da takardar kihi, ni za a ɗaure, ba kai ba. Maƙeri, ina bututun?"

"Ga su, ranka shi daɗe. Ko lanƙwasa ba su yi ba. Kahin azahar sun zama bakin zuga-zugi. Gardi shi zo shi duba har shi gaji."

"Ɗauka. Ƙotar a sa wuta." Ya juya ga Hure. "Ke kuma, ɗiyata, sanki ya ƙetare iyaka, ba ni da hannun da zai kamo shi. Wanga kuwa ko akuya ba shi da ita. Mi kike so a yi miki?"

Hure ta miƙe. Tun safe ƙararrawar na ɗaure a bakin zanenta. Ta kwance ta.

"Ranka shi daɗe, ni ba ni son komi nashi. Aikin Ɗan Goshi kaɗai nike so. Ruwa tulu huɗu da sahe. Dammuna da kaka. Gishirin Foga da rani. Shi ya ce aro ya ɗauka, to shi riƙe wurin har mai wurin shi dawo."

"Yaya!" in ji Sallau, kunnensa ya buɗe nan take. "Ni? Ni da na yi wa Nasara..."

"Dako," in ji Sha'ibu. "Kwana tara. Ka ga ashe akwai abin da ka iya."

Gardi biyu sun zo washegari. Mai gari ya ce aradu ce ta faɗi a gona. Suka leƙa maƙera, ɗaya har ya kunna tabarsa a wutar da bututun ke hurawa, suka karɓi kaji biyu suka koma. Birai kuwa Sha'ibu ne ya raba gari ƙungiya-ƙungiya, ana kwana ana tashi da ƙwarya da gwangwani, aka tsira da abin da aka tsira da shi. Sarautar Sarkin Baka ba a naɗa kowa ba. Bakan na rataye a ɗakin Hure.

Ƙunar goshin Sallau ta warke, amma ta bar farin tabo, daidai tsakiya. Ba wanda ya shawarci wani. Kafin a gama girbi, ko liman in zai aika a kira shi, cewa yake a kira Ɗan Goshi.

Da kaka aka riƙa ganinsa a hanyar gona, dami biyu a ka, ƙararrawa na lilo a jikin igiyar dami, don Hure ta ce tana son ta san inda kayanta yake. In ya biyo ta maƙera, Habu na zuga, wuta na fita ta baki biyu ja wur, sai ya tsaya yana haki ya nuna da haɓa.

"Ba na ce muku tana aman wuta ba? Kullum! Wa ke da irinta a Arewa duka?"

"Wuce, Ɗan Goshi," in ji Habu. "Uwargijiyarka na jira."

Da yamma, in rana ta sauka bayan dutse, ƙarar kan taho daga wajen gawo, a hankali, kamar da. Hure na cikin daka. Takan tsaya, taɓarya a sama, na ɗan abin da bai kai numfashi biyu ba. Sai muryar Sallau ta biyo baya, yana ba wani labarin yadda ya girgiza Dogon Dutsi da harbi ɗaya.

Sai ta sauke taɓarya, ta ci gaba da daka.